Fenti ba ya maganin ruɓa: a gyara tsofaffin motocin kasuwa tun daga shasi

Ya ku ƴan kasuwa, da iyayenmu mata masu bin kasuwannin ƙauye, da iyayen gidanmu masu motoci, duk wanda ya san gundumar Tasawa da ta Mayahi ya san cewa arzikin wannan yanki a kan tsofaffin motoci yake tafiya. Geron da ke fitowa daga Urafan, waken Maijirgi da Korgom, tabarmi da igiyar kaba ta Gulbin Kaba, awakin da ake kaiwa kasuwar Mayahi daga Kanan Bakashe da Isawan, duk a bayan tsohuwar kamyo mai bodin katako, ko tsohuwar Toyota, ko amalanke suke isa hannun mai saye. Waɗansu daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu. Kamfanin Berliet na Faransa ya daina sa sunansa a jikin mota tun 1980, amma har yanzu irin motocin wancan zamani, su da Marsandi mai dogon hanci da Fijo 504, ba su gama bautar talaka ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne ɓarnar da ruwa yake yi wa motocin nan, da kuma irin gyaran ganin ido da muke yi musu bayan damina. Kowa yana tune da daminar 2024. Bisa ƙididdigar hukuma, ambaliyar wannan shekara ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, jihar Maradi kuwa tana kan gaba a cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. A ƙarshen watan Agusta ruwan da ya sauka a birnin Maradi a rana guda ya rusa gidaje, ya ci rayuka. Har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga watan Oktoba. An ƙidaya gidaje da gonaki da dabbobi, wannan kuwa daidai ne. Sai dai motocin da suka kwana cikin ruwa a tasha, da waɗanda suka maƙale a ƙorama, da rumfuna da kwantenonin da ruwa ya shige su, yawancinsu an bar su sun sha iska kwana biyu ne kawai, aka shafa musu fenti, aka mayar da su bakin aiki.

Ra'ayina a nan a fili yake. Tsohuwar mota ta cancanci gyara, domin sayen wata ya fi ƙarfin mafi yawanmu. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 kuɗin mota da na kayan gyara suka yi tsalle, sannan rufe iyakar Benin a 2023 ya toshe hanyar Kwatano wadda ta nan ne yawancin motocin hannu suke shigo mana, ya ƙara wa abin tsada. Saboda haka ba ni cikin masu cewa a kwashe tsofaffin motoci a zubar. Abin da nake ƙi shi ne gyaran da ake farawa daga fenti, a bar ruɓa da tsatsa a ƙasa suna ci, alhali a kan wannan bodin ne uwa za ta zauna da goyonta bisa buhu hamsin na gero.

Bari mu duba yadda ruwa yake aikinsa, domin mai biyan kuɗin mota ya san abin da zai duba. Katako ba ya ruɓewa don ruwa ya taɓa shi sau ɗaya. Yana ruɓewa ne idan damshi ya zauna a cikinsa, musamman idan ya haura kashi 20 cikin 100, domin a nan ne funfuna take samun wurin rayuwa ta riƙa cin naman icen daga ciki. Wuraren da ruwa yake zama kuwa sanannu ne: inda noti ya huda falanki, inda katako ya haɗu da ƙarfe, da ƙarƙashin daɓen bodi inda laka da kashin dabbobi suke taruwa. A waje falankin yana nan kamar lafiyayye, a ciki ya zama gari. Ƙarfe kuma tsatsa ce take cinsa, ta fi tsanani a inda laka ta manne ta hana shi bushewa, wato cikin shasi, da mariƙin sifirin, da ƙusoshin da suka ɗaure bodi a kan shasi. Ranar da aka yi lodi mai nauyi aka faɗa rami tsakanin Cadawa da Mayahi, a nan ne asiri yake tonuwa.

Inji ma yana da nasa. Motar da ruwa ya kai mata ga hanci, kuskure mafi girma shi ne a yi saurin tayar da ita don a ga ko tana da rai. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka idan ya shiga silinda aka murza makulli, ƙarfen da ke riƙe da fistan yana iya lanƙwashewa ko ya karye, gyaran jika kaɗan ya koma sayen inji. Sai an cire batir, an zubar da baƙin mai, an duba ko ya yi fari kamar madara, an sauya man giya da na aksul, an buɗe birki an wanke laka, an sake sa wa boris giris, an busar da wayoyin wuta. Makaniken kirki a Tasawa ko a Maradi ya san duk wannan. Matsalar ita ce mai mota yakan tsaya a kansa yana cewa gobe kasuwa ce, a yi abin da za a yi ta tashi.

A Amurka akwai mutanen da suke sayen tsofaffin ɗakunan tafiya, irin waɗanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja, na shekarun 1950 da 1960, kamar Airstream da Shasta, su gyara su. Irin waɗannan ɗakuna ne wani ayari ya ja daga Kef Tawun a 1959 har zuwa Alƙahira. Jikinsu na sanholo ne, amma daɓensu katako ne, waɗansu ma har ƙashin bangonsu katako ne, kuma babban abin da yake kashe su shi ne yoyon ruwa ta bakin taga da ta mahaɗar rufi. Masu gyaran nan suna da ƙa'ida guda wadda ba sa tsallakewa: a fara gano inda ruwa yake shiga a toshe, a buɗe a bi ruɓa har inda ta tsaya, a gyara shasi da daɓe, sai a ƙarshe a zo ga ado. Su fa don shaƙatawa suke yi, su je hutu su dawo. Mu da abincinmu da rayukanmu suke kan wannan katako, mu ne muka fi su buƙatar bin wannan ƙa'ida.

Gyaran gaskiya ba wani abin asiri ba ne. A sauke falankan daɓe a ga abin da ke ƙasa. A ɗauki sukundireba a soka a jikin kowane katako, wanda ya nutse a cire shi gaba ɗaya, kada a ɗora masa sabon falanki a kai, domin ruɓa tana kama na kusa da ita. A kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, inda ƙarfe ya yi siriri mai walda ya yanke ya sa sabo. Kada a yarda a cike ramin tsatsa da mastik a shafe. Sabon katako ya zama busasshe, a bar ƴar kafa da ruwa zai riƙa fita. Baƙin man inji da kafintoci suke shafawa don korar gara yana da amfani a ƙasan bodi, amma kada a shafa shi a daɓen da za a ɗora buhun gari ko na gero. Tamfol mai huda kuma a sauya shi, don shi ne ƙofar da ruwa yake fara shigowa.

Na san abin da mai mota zai ce, kuma maganarsa tana da kama. Zai ce motar da aka jingine sati biyu ba ta ciyar da gida, ga kuɗin takardu, ga na inshora, ga abin da ake bari a hanya, ga gazuwal, sannan ƴan kasuwa su ne na farko wajen taya kuɗin lodi a wulaƙance. Gaskiya ne, kuma a nan laifin ya dawo kanmu. Mu ne muke barin motar da aka gyara da kyau saboda ta ƙara dala ashirin a kan buhu, mu ruga wurin mai araha, mu kuma matsa wa karen mota ya ƙara buhu biyar a kan abin da ya riga ya wuce kima. Araha ba ta ado. Buhun sukari ko siminti da ruwa ya jiƙa ya tafi ke nan. Wake mai damshi baƙi yake yi ya faɗi a kasuwa. Gyaɗa kuwa idan ta jiƙe ta yi funfuna tana iya ɗaukar gubar da likitoci suke kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma da ita ne za a yi ƙuliƙuli da man da ƴaƴanmu za su ci. Idan aka haɗa asarar lodi ɗaya, ta fi kuɗin falanki da tamfol nesa ba kusa ba.

Game da lokaci kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ruwa ya ɗauke, kafin lodin kaka ya kankama, a yi dubawa ta farko: birki, shasi, ƙusoshin bodi da daɓe. Babban gyara sai a bar shi zuwa rani, bayan iskar hunturu ta busar da katako, lodi ya ragu, don mota ta tari damina da ƙarfinta. Kuɗin gyaran nan tun cikin kaka ake ware shi. Matan kasuwa sun daɗe da nuna mana cewa da adashi ake tara jari, ake aurar da ɗiya. Me zai hana masu motocin tasha ɗaya su yi adashin gyara, kowane wata mota ɗaya ta shiga gareji, sauran su riƙe mata layinta har ta fito?

Haka zancen yake ga masu kanti a cikin kwantena ko rumfar kwano. Kwantenar da aka ajiye kai tsaye a kan ƙasa tana shan damshi ta gindi, daɓenta na katako ya ruɓe, rufinta kuma idan ya lotsa yana tara ruwa har tsatsa ta huda shi. A ɗaga ta bisa duwatsu ko bulo, a yi mata rumfa a sama, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Mai amalanke shi ma ya riƙa jingine ta yadda ruwa ba zai kwanta a cikinta ba, ya duba inda katako ya haɗu da ƙarfen taya.

Akwai kuma gyaran da bai kamata a yi ba, wannan ma a faɗa. Idan tsatsa ta ci shasi har ya tsage a wuri biyu ko uku, an yi walda a kan walda, to motar ta gama aikinta. A cire inji da abin da ke da amfani, sauran a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ƙaunar da mutum yake yi wa motar da ya gada daga mahaifinsa ba za ta riƙe tan goma a kan gangara ba.

Ina kira ga sandikar masu sufuri da sarakunan tasha na Tasawa da Mayahi da su sa ido, motar da daɓenta ya ruɓe kada a ba ta lodi sai ta gyara. Ina kira ga ma'aikatun magajin gari, waɗanda suke karɓar kuɗin tikiti kowace ranar kasuwa, da su cike kwarin da ke cikin tashoshi su yi magudanar ruwa, domin garin da ke da tabkuna a cikinsa kamar Tasawa bai kamata motocinsa su riƙa kwana cikin laka ba. Ke kuma Hajiya, kai kuma Alhaji, kafin a ɗora kayanku ku leƙa ƙasan bodi, ku taka daɓen da ƙafa, ku ɗaga tamfol ku duba shi ta hasken rana. Kuɗinku ne, kuna da ikon tambaya, direban da ya san motarsa lafiya take kuwa ba zai ji haushi ba. Idan kun samu wanda ya gyara tasa tsakani da Allah, ku riƙe shi, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, don sauran su gani su yi koyi.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiyar bayinsa, ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, amin.