Tuta Tana Tunatarwa, Amma Ba Ta Biyan Diyya

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan yadda hukumomi ke nuna juyayi da tuta da sauran alamomi.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Najeriya na tunawa da 'yan mazan jiya. A Abuja akan ajiye furanni, a busa ƙaho, a saki fararen tattabaru. Makonni kafin nan ake ƙaddamar da 'yar alamar tunawa da su, wadda manya ke maƙalawa a ƙirji. Haka kuma da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Yulin 2025, an sassauto da tuta har kwana bakwai.

Ba na raina wannan. Yaron da ya ga tutar makarantarsu a tsakiyar sanda zai tambayi malaminsa dalili, daga nan sai ya ji tarihi. Tunatarwa ke nan, kuma tuta ta iya wannan aikin.

Nadama kuwa ba a ɗaura ta a sanda. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, inda hukumar NEMA ta ce mutum aƙalla 85 sun rasu. Babban hafsan sojojin ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har ƙauyen ya ba da haƙuri. Wannan takawar ce mutane suka fi fahimta, domin a wurinmu da ƙafa ake ta'aziyya: ka je, ka zauna kan tabarma, ka dubi idon wanda aka yi wa rashi. Ko ita ma ba ta cika sai an biya diyya, an bayyana sakamakon bincike, an ɗauki nauyin marayu.

Haka abin yake ga iyalan 'yan mazan jiya, don haka ina kira ga gwamnati da ta riƙa bayyana wa jama'a nawa aka tara daga sayar da alamar 'yan mazan jiya, da kuma nawa ya isa hannun matan sojojin da suka kwanta dama a fagen fama. Matar da ke neman kuɗin makarantar 'ya'yanta, haƙƙin mijinta take jira.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu gidan gaskiya, amin.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya