Sunan Wa Za A Sa A Kan Maƙala?



Tafsirul Jalalaini da ake karanta mana a watan azumi aikin mutum biyu ne. Jalaluddin al-Mahalli ya fassara daga Kahfi zuwa Nasi, ya haɗa da Fatiha, sannan Allah ya yi masa rasuwa a shekara ta 864 bayan Hijira. Almajirinsa as-Suyuɗi ya ƙarasa daga Baƙara zuwa Isra'i, yana bin salon malaminsa sau da ƙafa. An haura shekara 500, amma har yau an san inda alƙalamin kowannensu ya tsaya.

Wannan ne nake ganin ya kuɓuce mana a rubutun haɗin gwiwa. Mutum biyu za su sha wahalar tattara bayanai da rubutu, amma a ga sunaye shida a saman maƙalar: shugaban sashe, da abokin da ke neman ƙarin girma, da wanda aka yi "sa ni in sa ka" da shi. Wai kara ce. A wurina shaidar zur ce, domin sunanka a can furuci ne cewa ka yi aikin, kuma kai za a tuhuma idan kuskure ya bayyana.

Yawan sunaye ba shi ne laifin ba. A 2015 masu bincike a cibiyar CERN sun fitar da maƙala mai sunaye fiye da 5,000. Abin da nake roƙo shi ne a zauna tun kafin a fara, a rubuta aikin kowa da jerin sunayen. Wanda ya ba da aron na'ura ko kuɗi kawai, sashen godiya ya ishe shi.