Wasiƙa zuwa ga masu gyaran amfilifaya na Safana da Batsari

'Yan'uwana masu gyaran rediyo da amfilifaya na Safana, Runka, Batsari da ƙauyukan da ke kewaye: Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wayar wutar tsofaffin amfilifayoyin nan da ake kawo muku, na masallatai, na Islamiyyu, na masu kiɗan biki. Roƙona shi ne kada wani daga cikinsu ya sake barin teburinku ba ku duba wayarsa ba, ko da ba ita aka kawo gyara ba.

Ku tuna wanda zai riƙe makirufon. Ladan ne da asuba, ya idar da alwala, ƙafarsa da lema, yana tsaye a kan siminti, leɓensa na gogar ragar ƙarfen da ke kan makirufo. Ragar nan a haɗe take da gangar jikin amfilifaya ta cikin wayar makirufon. In wayar wuta ta ɓare a ciki ta taɓa ƙarfen, ko tiransifoma ya fara yoyo, kuma babu wayar ƙasa, to wutar ba ta da hanyar wucewa sai ta jikin wannan bawan Allah. Wutarmu bolt 230 ce, kuma kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ya isa ya birkita bugun zuciyar mutum. Ya faru a inda ake da kayan aiki fiye da namu: a 1972 wuta ta kashe makaɗin jita Leslie Harvey a kan dandamali a garin Swansea da ke Birtaniya, lokacin da ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa, sannan a 1976 ta kashe mawaƙi Keith Relf a cikin gidansa yana kaɗa jita. Saboda haka in kwastoma ya ce muku "yana ɗan ja na kaɗan", kada ku ce ya sa takalmin roba. Ku buɗe na'urar.

Dukanmu mun san yadda wayoyin nan suke zuwa. Ɓera ya ci wani wuri an naɗe da leda, rana ta busar da robar har tana farfashewa in an lanƙwasa, filogin ya daɗe da ɓacewa, sai tsirarun wayoyi biyu da ake cusawa a soket a danne da tsinken ashana. Irin wannan ba ta ɗaukar faci. A cire ta gaba ɗaya a sa sabuwa mai jijiya uku, ta tagulla ta gaske, kaurin murabba'in milimita 0.75 ko 1.0, da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila wanda soket ɗinmu ke karɓa. A sa masa fis daidai da na'urar: amfiya 3 ga ƙarama, 5 ga matsakaiciya. Takardar sigari ko silin waya a gurbin fis ganganci ne.

Launi kan ruɗa yaran shago, musamman a kayan gwanjo. A sabuwar waya, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce ta dawowa, mai ratsin kore da rawaya ce ta ƙasa. Tsofaffin kayan Ingila kuwa ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa. A kayan Amurka baƙar ce mai wuta, fara ta dawowa, kuma na bolt 120 ne, sai da tiransifoman rage wuta. Wanda ya saba da baƙar Ingila ya gamu da baƙar Amurka zai iya juya su bai sani ba. Mita ce za ta raba gardama.

Inda nake so ku ɓata lokaci shi ne cikin akwatin. Mai wutar ta fara bi ta fis, sannan makunni, sannan tiransifoma. Yawancin tsofaffin kaya masu waya biyu ba a damu da wannan tsari ba, sai ka tarar da fis a kan wayar dawowa: ya ƙone, na'ura ta mutu, amma cikinta cike da wuta. Wayar ƙasa kuma a ba ta tata ƙusar ita kaɗai. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a sa mata zobe a baki, a ɗaure da noti da wosha mai haƙora. Ɗigon dalma a kan jikin ƙarfe ba ya riƙewa, kuma ƙusoshin da ke riƙe da tiransifoma wani zai kwance su wata rana. A bar wayar ƙasar ta fi sauran biyun tsawo, domin in yaro ya yi tuntuɓe da wayar ya fizge ta, ita ce za ta tsinke a ƙarshe. Ramin da wayar ke shiga a sa masa roba mai damƙe ta, a daina ƙulla ta a ciki, bakin ƙarfen yana yanka ta a hankali. Idan an gama, a ɗora mita tsakanin doguwar ƙafar filogi da jikin na'urar. In ta kai om ɗaya, aiki bai yi ba.

Tsofaffin amfilifayoyi masu kwalba suna da nasu sharaɗin. Manyan kondensa ɗinsu kan riƙe bolt 400 ko fiye bayan an zare filogi, sai an sauke wutar da rezisto an auna kafin a sa hannu. A irin na Amurka za ku ga wani ƙaramin kondensa tsakanin wayar wuta da gangar jiki, wanda aka sa don rage ƙugi. In ya lalace wutar yake zubawa kai tsaye a kan ƙarfen. A cire shi. Wanda kuma ba shi da tiransifoman wuta sam, kada a ɗaura masa wayar ƙasa haka kawai, sai an fara sa masa tiransifoma mai raba shi da layi. Na'urar da ke ɗauke da alamar murabba'i cikin murabba'i, da fiyanon Yamaha mai adafta, ba su buƙatar wayar ƙasa. Adafta mai kyau ita ce tasu.

Na san abin da za ku ce, kuma gaskiya ne: soket nawa ne a garuruwanmu ramin samansa ke haɗe da wani abu? Filogi mai ƙafa uku a soket marar wayar ƙasa kwalliya ce kawai. Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa a shago. Ku bi na'urar zuwa masallacin, ku duba soket, ku zauna da liman da kwamiti ku nuna musu. A kafa sandar tagulla a ƙasa, wadda ba ta gaza mita ɗaya da ɗan wani abu ba, a wuri mai danshi kamar kusa da magudanar alwala, domin rairayinmu da rani ba ya karɓar wuta sosai. Gawayi da gishirin da ake zubawa suna taimakawa, amma gishiri na cin sandar, sai a riƙa dubawa. Kuma sanda ita kaɗai ba lalle ta ƙona fis ba a busasshiyar ƙasa, don haka a haɗa da bireka mai tsinke wuta in ta yi yoyon miliamfiya 30. Wutar KEDCO ce ko ta janareta, duk ɗaya. Janaretan ma yana da ƙusar ƙasa a jikinsa, a haɗa ta da sandar. Inda duk wannan ya gagara, yawancin amfilifayoyin Ahuja suna aiki da batir, a mayar da kiran salla kansa.

Sai masu kiɗan biki, waɗanda in lasifika ta yi ƙugi sukan karya doguwar ƙafar filogi, ƙugin ya ɗauke, su yi murna. Ku hana su. Maganin ƙugin shi ne a jona miksa da amfilifaya a soket ɗaya, a canza wayar makirufon da garkuwarta ta tsinke, a nisanta ta daga wayar wuta.

Kuɗin wayar da filogin ku faɗa wa mai kaya tun kafin ku fara, ku ajiye masa tsohuwar ya ga inda ta ɓare da idonsa. Wassalam.