Ba Kowane Kumburin Muƙamuƙi Ne Hangum Ba

Akwai ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda yawancin yara ke ɗauka ta yawu tun suna ƙanana. Sai ta lafe cikin fararen ƙwayoyin jini, garkuwar jiki na tsare da ita. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa kan raunana wannan tsaro ya tashe ta, wani lokacin har a kai ga sankarar Burkitt. Mu kuwa a Kaya, maƙwabtan ruwan Bakolori, sauro ɗan gida ne.

Uwargida, in muƙamuƙin yaro ya kumbura da sauri, haƙora na girgiɗi, a bar shafe-shafe. A garzaya asibiti, Gusau ko Sakkwato. Tana jin magani in an je da wuri, da yardar Allah.