Manhaja Ba Ta Koyar da Ido

Duk wanda ya bi titunan Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ko ya buɗe WhatsApp a lokacin bukukuwa, ya san irin fostar da nake nufi. Launi bakwai, salon haruffa biyar, hotunan manyan baƙi jere kamar rumfunan kasuwa, kowanne da sarautarsa. Rana da wurin taron kuwa, waɗanda dominsu aka yi fostar, an cusa su can ƙasa da ƙananan jajayen haruffa a kan kore. Wanda ya tsara ta yana kiran kansa gwani, wanda ya biya yana murna, mai karatu kuma ya wuce bai san yaushe ake taron ba.

Tun da Canva ta fito a 2013, kuma wayoyi suka cika da manhajojin zane, an samu dubban matasa masu haɗa fosta cikin minti goma. Wannan abin farin ciki ne, domin sana'a ce ta halal. Abin da nake ja da shi shi ne tunanin da ya biyo baya, cewa wanda ya iya latsa manhaja ya iya tsara zane. Manhaja tana ba ka launi da haruffa. Ba za ta gaya maka abin da ya kamata ido ya fara gani ba, kuma a nan ne aikin yake.

Mai ganin wannan batun ado ne kawai ya dubi zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000. A gundumar Palm Beach ta jihar Florida, an tsara takardar ƙuri'a da sunayen 'yan takara a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan da ake hudawa kuma a layi ɗaya a tsakiya. Sunan Al Gore ne na biyu a shafin hagu, amma raminsa na uku ne. Na biyun na Pat Buchanan ne da ke shafin dama. Buchanan ya tashi da ƙuri'u fiye da 3,000 a gundumar, shi da kansa ya yarda cewa da yawansu ba shi aka nufa ba. George W. Bush ya ci Florida da ratar ƙuri'u 537. An yi tsarin ne da kyakkyawar niyya, don a ƙara girman haruffa saboda tsofaffi, amma niyyar ba ta hana ɓarna ba. Mu ma muna da sanarwar rigakafi da takardar magani da allon gargaɗi a hanya, kuma kowannensu yana iya ɓatar da mai karatu ta wannan hanyar.

Tushen ilimin ba shi da yawa. A 1923 masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya bayyana yadda ido ke haɗa abubuwan da ke kusa da juna, ko masu kama da juna, ya ɗauke su ƙungiya ɗaya. A 1994 marubuciya Robin Williams ta taƙaita wa masu koyo lamarin cikin ƙa'idoji huɗu. Ta farko bambanci: abu mafi muhimmanci ya fita daban a girma ko launi, domin idan komai yana ihu ba a jin kowa. Ta biyu maimaici: salon haruffa da launin da aka fara da su a tafi da su har ƙarshe. Ta uku daidaita layi: kowane abu ya tsaya a kan wani layi da ido zai iya bi. Ta huɗu kusanci: rana da lokaci da wuri su zauna tare, lambar waya kada ta rabu da sunan mai ita. A ƙara da fili, wato sararin da aka bari ba komai, wanda masu fostarmu ke tsoro kamar an ce asara ce. Har ma'auni akwai: ƙa'idojin ƙungiyar W3C na shafukan intanet sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, ma'aunin da ja a kan kore ba kasafai yake kaiwa ba.

Za a ce waɗannan dokokin Turawa ne. Mai faɗin haka bai tsaya ya kalli babbar riga ba. Aska takwas ba a zuba ta ko'ina a jikin riga. Tana da mazauninta a ƙirji da aljihu, sauran yadin kuma an bar shi fili don aikin ya fito. Kafin allura ta taɓa yadi sai mai zane ya fitar da fasalin. Zayyanar allon sauka tana da iyaka da tsakiya da siffofi masu maimaituwa, da launuka 'yan kaɗan. Haka zanen fuskar soraye a Zariya da Kano yake taruwa a kewayen ƙofa, inda ake so idon baƙo ya sauka. Kakanninmu sun san kusanci da maimaici da fili tun kafin a ba su suna a littafi. Fostar da ta cika maƙil ita ce baƙuwa a wannan gida.

Za a ce kuma baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi. Makarantar Bauhaus da aka kafa a Weimar ta Jamus a 1919 ba ta yarda da haka ba. Kowane ɗalibi, komai baiwarsa, sai ya yi kwas na share fage a kan siffa da launi da kayan aiki kafin a bar shi ya shiga ɗakin sana'a. Haka ɗan koyon ɗinkin hula yake farawa da ƙirga zare.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kwastoma: Alhaji ne ya ce a sa hoton kowa, kuma shi ke biya. Gaskiya ne, mai zane yana da iyali. Amma magini na ƙwarai ba ya ɗora bene a kan ruɓaɓɓen tushe don maigida ya ce a yi. Yana bayani tukuna. Mai zanen da ya san dalilin kowace ƙa'ida zai iya ajiye samfuri biyu gaban Alhaji, ya tambaye shi wanne ne aka fi saurin gane ranar taro a cikinsa. Wanda bai san dalilin ba, ba shi da abin cewa sai “to”.

Akwai wani nauyi da ya keɓanta da mu. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai mai zane ya jefar da lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Zaɓen haruffan da ke ɗauke da su yana cikin aikin, tun kafin a zo maganar launi.

Ga mai son farawa, hanyar ba ta buƙatar kuɗi. Ka rubuta saƙon a jimla ɗaya, ka jera bayanan daga mafi muhimmanci. Ka zana ƙananan samfura a takarda da fensir kafin ka buɗe waya. Ka fara da baƙi da fari. In tsarin bai tsaya a haka ba, launi ba zai cece shi ba. Kada ka wuce salon haruffa biyu. In ka gama, ka miƙa wa wanda bai san taron ba na daƙiƙa biyar, ka karɓe, ka tambaye shi me za a yi, yaushe, a ina. Cibiyoyin da ke karɓar kuɗin matasa da sunan koyar da zane su ma su fara daga nan, makon farko babu kwamfuta, tunda Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane.