Jirgin Ruwa da Tukunyar Mutanen Zongo

 

Makonni biyu da suka wuce na kai yaran gidanmu bakin teku a Fidjrosse da la'asar sakaliya. Da duhu ya fara shiga, sai fitilun jiragen da ke jiran layin shiga tasha suka jeru can nesa, kamar wani gari a kan ruwa. Ƙaramin cikinsu ya ja mini riga ya ce, "Baffa, a cikin waɗannan wanne ne namu?" Na yi dariya na ce masa babu. Amma tambayar ta biyo ni har gida. Da na ba Malam, mahaifina, labari bayan sallar isha'i, sai ya ce tun suna yara dattawa ke tsokanar juna da cewa Bahaushe da ruwa sai alwala. Ya ƙara da cewa duk da haka, in ka bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka sami gidan da tukunyarsa ba ta jiran abin da jirgi ya sauke. Wannan ne ya sa na ga ya dace yau mu waiwayi tarihin jirgin ruwa, domin duk lokacin da jirgi ya sauya kama, hanyar cin abincinmu ma ta sauya, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Mu fara daga gida. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, wanda yau yake cikin jihar Yobe ta Nijeriya, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin kamar mita 5. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, aka kuma auna shekarunsa aka sami kusan 8000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Daga gungume ɗaya aka fafe shi, kamar yadda masunta ke yi a kogin Kwara da tafkin Nokuwe da ke bayan garin nan. Ke nan mutanen tudu ma sun daɗe da sanin ruwa.

Sai dai kwalekwalen gungume ba ya wuce girman bishiyar da aka sare. Da mutane suka so ɗaukar kaya masu yawa, sai suka koyi haɗa katako da katako. A 1954 an tono jirgin Fir'auna Kufu a gindin babbar dalar Giza ta Masar, tsawonsa mita 43, shekarunsa kamar 4500, kuma da igiya aka ɗaure katakansa. Irin wannan dabara ce Larabawan tekun Indiya suka daɗe suna yi, suna ɗinke jiragensu da zaren kwakwa, haka ma masu jiragen da ke tsakanin Jenne da Tambutu. Ta jirgin ruwa Sahabban Manzon Allah (SAW) suka ƙetara Bahar Maliya a hijirar farko zuwa Habasha, wajen shekarar 615. Wajen 1490 kuma Ahmad ibn Majid, gwanin matuƙan Larabawa, ya rubuta littafinsa kan taurari da iskoki da hanyoyin teku. A duk tsawon wannan zamani iska ce ke tura jirgi, matuƙi kuwa yana jiran lokacinta kamar yadda manomi ke jiran damina.

Jiragen iska na Turawa sun iso gaɓarmu a ƙarshen ƙarni na 15, Turawan Fotugal ne kan gaba. Gaɓar nan ba ta da mafakar da jirgi zai raɓa. Rairayi ne miƙe da igiyar ruwa mai kifar da kwalekwale, don haka jirgi kan tsaya can nesa, a ɗauko gwanayen tuƙi daga gaɓar ƙasar Gana ta yau su riƙa kai kaya da komowa. Abin baƙin ciki shi ne, mafi yawan kayan da aka loda a Wida shekaru aru-aru 'yan Adam ne, kuma akwai namu a cikinsu.

Ɗaya daga cikinsu ya bar mana labarinsa a rubuce. Sunansa Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, ɗan wani ɗan kasuwa Musulmi a Zugu, wato Djougou, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. Wajen 1845 aka sa shi a jirgin bayi daga gaɓar Wida zuwa Fernambuko ta ƙasar Barazil. Daga baya wani kyaftin ya saye shi, ya yi masa bauta a cikin jirgi, har suka kai gahawa birnin New York a 1847, inda ya tsere. Ya zauna a Haiti, inda ya koma addinin 'yan mishan da suka riƙe shi, a 1854 kuma aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. A Bahiya ta Barazil, bayi Hausawa sun yi bore a 1807 da 1809, sannan Musulmin birnin Salbado suka yi babban yunƙurinsu cikin azumin 1835. Bayan an murƙushe su, da yawa sun dawo gaɓar nan cikin irin jirgin da ya kwashe su. Duk wanda ya dubi ginin babban masallacin Porto-Novo zai ga hannun zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil.

Daga nan sai zamanin tururi da ƙarfe. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara a kwalekwale har suka tabbatar wa Turawa inda take faɗawa teku. Shekara biyu bayan haka, a 1832, wani ɗan gidan maƙeran jirage mai suna Macgregor Laird ya taso daga Libaful da jiragen tururi biyu domin hawa kogin. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara. Ɗayan kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe, yana cikin jiragen ƙarfe na farko da suka ratsa babban teku, an raɗa masa suna Alburkah, daga kalmarmu ta albarka. Tafiyar dai ba ta yi musu albarka ba, don cikin Turawa 48 da suka shiga, 9 kaɗai suka tsira daga zazzaɓi da sauran cututtuka. Amma Laird bai karaya ba. A 1852 ya kafa kamfanin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Ingila da gaɓar nan bisa ƙayyadadden lokaci. Jirgi ya daina jiran iska, ɗan kasuwa yana iya sanin ranar zuwansa.

Abin da wannan ya yi wa kakanninmu shi ne darasin da nake so mu riƙe. Fataucin goro a da ƙafa ne da jaki. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, ya ratsa Borgu ta Nikki da Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja, a yi watanni ana tafiya, ana biyan fito, ana tsoron 'yan fashi, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Sunan unguwarmu ma daga nan ya fito, domin zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, jiragen tururi kuma suka yawaita, sai masu hangen nesa suka juya akalar goro zuwa teku: a loda a Ankara ko Sakondi, cikin 'yan kwanaki a sauke a Ikko. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta makonni. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya a farkon ƙarni na 20, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Madugan da suka tsaya kan jaki kuwa, hanya ta mutu a ƙarƙashin ƙafafunsu. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kwatano ita ma jirgi ne ya raya ta. A 1891 Faransawa suka fara kafa gadar ƙarfe da ta miƙa cikin teku ta wuce inda igiyar ruwa ke karyewa, wadda tsofaffi ke kira waf. Jirgi na tsaye nesa, ƙananan jirage na kawo kaya gindin gadar, ƙugiya na ɗagawa. Fasinja ma a cikin kwando ake ɗaga shi. Da wannan gada Kwatano ta ƙwace kasuwar Wida. Layin dogo ya isa Paraku a 1936, daga can manyan motoci su ɗauka zuwa Malanbil da Gaya. A 1959 aka fara ginin tasha mai zurfin ruwa, aka buɗe ta a 1965, jirgi ya sami damar raɓa jikin tudu. Tun daga nan Kwatano ta zama ƙofar teku ga Nijar, ga fatake na Maraɗi da Damagaram da Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 1000 daga nan. Masaukinsu kuwa Zongo ne, dillalinsu da mai canjinsu da direbansu ɗan Zongo ne.

Sauyi na ƙarshe shi ne kwantena. A watan Afrilu na 1956 wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan wani tsohon jirgin mai, daga Newark zuwa Houston. Kafin nan buhu-buhu ake loda jirgi a kan 'yan dako, ya yi mako ko fiye a tasha. Yanzu akwai jiragen da ke ɗaukar kwantena mai ƙafa 20 fiye da 24,000, ma'aikatan cikinsu kuwa ba su wuce talatin ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, in an auna da nauyi, ta ruwa suke tafiya. Shinkafa da gwanjo da atamfa da motocin da 'yan Arewa ke kira 'yan Kwatano, duk ta nan suka shigo mana.

To, a ina muke tsaye cikin wannan harka? A bakin ƙofa muke, tsakanin jirgi da iyaka, wurin da ya fi ko'ina saurin girgiza. A Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan tudu. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ta rufe iyakokinta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar Malanbil, kaya da yawa suka koma Lome suna zagayawa ta Burkina Faso. Ba sai na faɗa wa kowa abin da ya biyo baya ba. Ni da kaina na zauna kusa da Malam lokacin da magidanta masu rufin asiri ke zuwa da dare, suna magana ƙasa-ƙasa kan kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Sana'ar da ta dogara da sa hannun wani a kan takarda, rana ɗaya ake kashe ta.

Ba ina raina dillanci ba ne, da shi aka ciyar da mu aka sa mu makaranta. Roƙona ga iyaye shi ne mu raba ƙafa. Cikin yara biyar, a sami ɗaya da zai shiga cikin tashar da takardar ilimi a hannunsa. Jirgi yana bukatar matuƙi da injiniya da mai walda da mai wutar lantarki. Tasha tana bukatar mai tuƙa ƙugiya, da mai lissafin kaya a kwamfuta, da masanin dokar duwan da inshora. Waɗannan sana'o'i suna bin mai su duk tashar da kaya suka koma, ko Lome ko Tema ko Ikko. Akwai makarantunsu a kusa: ta yankin masu Faransanci a Abijan, jami'ar harkokin teku a Ankara, da makarantar Oron a Nijeriya. Mabuɗinsu lissafi ne da kimiyya da Faransanci da Turanci, don haka kada a cire yaro daga aji uku na sakandare a kai shi fakin motoci saboda jaka biyar ta yau. Yaron da ya haddace izu sittin ba zai kasa riƙe lissafin taurari da na inji ba. 'Yan mata ma suna da wuri a ofisoshin tasha da na kamfanonin fito.

Abu na biyu ƙarami ne amma rai ne: mu koya wa yara iyo a hannun wanda ya iya, a wurin da ba shi da haɗari, mu kuma hana su shiga teku su kaɗai. Igiyar da ta kifar da kwalekwalen gwanaye shekara ɗari biyu da suka wuce tana nan ba ta sauya hali ba.

Shi kuwa ɗan ƙanena, na yi masa alkawarin in ya ci jarrabawarsa ta bana zan sake kai shi bakin teku da rana, mu karanta sunayen jiragen da tutocinsu, ya rubuta a littafinsa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya buɗa mana hanyoyin halal a tudu da ruwa, Ya ji ƙan magabatanmu da teku ta raba da gida. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.