RA'AYI: MAI KEKE MA YANA DA HAƘƘI A SHATALETALE

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Shira, tun daga Yana har ƙauyukan da ke kewaye da ita, keke shi ne dokin talaka. Da shi manomi ke kai gero kasuwar Azare, da shi yaro ke zuwa makaranta. Sau da yawa kuwa da gumin uba ko wa da ke neman abinci a Ikko ko Ibadan aka saye shi. Amma da zarar mai keken nan ya iso shataletale, sai ya zama maraya.

Doka a fili take. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, saboda haka mai shiga shataletale hagunsa zai duba, ya dakata wa wanda ya riga shi shiga. Dokar ba ta ce sai in mota ce ba. Duk da haka direbobi da yawa sun ɗauka girman mota shi ne izinin wucewa.

Ginin shataletalen ma yana da nasa laifi. Mai keke yakan raɓe a gefe, inda idon direba bai cika kaiwa ba, sai motar da za ta fita ta yanke masa gaba. A ƙasar Holan akan keɓe wa kekuna tasu hanya a kewayen shataletale, a kuma ƙuntata mashiga don tilasta wa mota rage gudu. Birnin Kambirij na Ingila ya kwaikwayi wannan tsari a 2020.

Hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2006, ta Azare ta bi, kuma faɗin hanya gudu yake ƙarawa. Don haka wajibi ne ma'aikatun ayyuka na Tarayya da na Jihar Bauci su tanadar wa mai keke wurinsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra, da aka kafa a 1988, ita kuma ta kai wannan darasi makarantu da kasuwanni.

'Yan Arewa mazauna Kudu ma da nasu nauyi. Wanda ya aika wa ɗansa keke, ya haɗa masa da sanin doka. Wanda kuma ya tuƙo mota zuwa gida da Salla, ya bar gaggawar Ikko a Ikko, don mai keken da ke gabansa wataƙila ƙanensa ne. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.